Waiwaye: Yadda 'Yan Mishan Suka Kafu A Ƙasar Nan

A wannan fitowa za mu waiwayi wani tarihi wanda ba namu ba ne kai tsaye, amma ya shafe mu, domin na maƙwabtanmu ne. Duk wanda ya taso daga Gidan Waya ya nufi Kafanchan ko Kagoro ranar Lahadi da safe, ba zai iya ƙirga coci-cocin da zai wuce ba. Yaranmu da yawa sun ɗauka haka aka tarar da su, wasu kuma sukan ce ai Bature ne ya zo da kuɗi ya dasa. To, maganar ta wuce nan. Mu dai muna kan aƙidarmu, amma a Islamiyya an koya mana yin adalci ko ga wanda muka saɓa da shi.

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko, wato Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, kuma babu wata ƙungiya da ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Niyyarsu su shigo ƙasar Hausa. 'Yan uwansu Turawan mishan na Ikko ma sun ce musu ba za su kai ba. Bingham zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi tun a Ikko, sauran biyun suka yo arewa. Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Kwantagora masu kamun bayi, ya kuɓuta da ƙyar, sa'an nan ciwo ya ƙarasa shi a Girku cikin ƙasar Zazzau a 1894. Kent shi ma ya mutu a Bida cikin wannan shekara. Ba su samu ko mutum ɗaya da ya bi su ba.

Mu 'yan kasuwa, in mutum ya fita fatauci ya dawo ba uwa ba riba, ga abokan tafiya biyu a ƙasa, cewa za mu yi hanyar ba ta karɓe shi ba, ya canza. Bingham bai canza ba. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, mutanensa suka samu wurin zama a Patigi, bakin Kwara. Asalin ƙungiyar SIM ke nan.

Me ya kawo su nan kudancin Zazzau? Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakunanmu alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta tsare 'yan mishan daga manyan biranen Musulmi, ta bar musu ƙasashen da ba su musulunta ba. A nan akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata mu haɗiye. Masarautar Jama'a tana kai wa Zazzau gaisuwa, kuma har da bayi a ciki, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye da mu. Mutanen da kakanninsu suka hau duwatsu don gudun hari, ba abin mamaki ba ne in sun saurari baƙon da ya zo musu da magani da allon karatu. SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, ta zo Kagoro wajen 1927, lokacin da jirgin ƙasa ya fara raya Kafanchan.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, da harshenmu aka yi aikin. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki nasu da Hausa, kuma cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar akwai Dokta Miller na Zariya da Dokta Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani. Shi Stirrett shagunan sayar da magani gare shi a Toronto, ya rabu da su ya taho a 1902, ya yi ta wa'azi a kasuwar Jos har ya mutu a can a 1948. Shi ya sa har gobe in ka wuce coci a ƙauye za ka ji ana cewa Allah, Ubangiji, addu'a, albarka, kamar a bakin limaminmu.

Amma a ganinmu, ba Turawan ne suka fi shan wuya ba, 'yan ƙasa ne da suka fara bi. Wanda ya bar dodon gidansu sai dangi su juya masa baya. Byang Kato, ɗan Kwoi da aka haifa a 1936, mahaifinsa ya so ya gaje shi a tsafi. Da yaron ya bi mishan sai ya sha duka, aka hana shi abinci. Wannan yaro shi ya zama babban sakataren ECWA, cocin da aka kafa a Kagoro a 1954, daga baya ya riƙe sakataren ƙungiyar irin waɗannan coci-coci ta Afirka baki ɗaya, kafin ruwa ya ci shi a Mombasa ta ƙasar Kenya a 1975, yana da shekara 39.

Sauran kuwa mun gani da idonmu. Muna samari aka yi rikicin Kwalejin Ilimi a watan Maris na 1987, lokacin tana cikin Kafanchan ba ta tare nan Gidan Waya ba. An ƙona mana masallatai, mun yi asarar rayuka, wutar kuma ta tsallaka Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙona coci fiye da 100. Sai Zangon Katab a 1992, sai 2011 da muka binne 'yan uwanmu a Zonkwa da Matsirga, Allah Ya jiƙansu. Ba mu manta namu ba. Su ma dai ba su daina binne nasu ba: a Yulin 2022 'yan bindiga suka sace Fada John Mark Cheitnum a ƙasar Lere suka kashe shi, a Satumban 2023 kuma aka cinna wa gidan fada wuta a Fadan Kamantan, wani ɗalibi mai koyon aikin fada, Na'aman Danlami, ya ƙone a ciki. Ba a rufe cocin Katolika a ƙasar Kafanchan ba saboda haka, kamar yadda mu ma ba mu daina kiran salla ba bayan 2011.

Akwai wani fasto na wani ƙauye da ke sayen kwano da ƙusa a layinmu. Sau biyu ana ƙona masa coci, sau biyu yana zuwa ɗaukar kwano bashi, yana biya kaɗan-kaɗan bayan kaka. Karo na biyu muka ce masa, Malam, ba ka nemi canji zuwa birni ba? Ya yi murmushi ya ce tsofaffin garin ba su da inda za su, wa zai bar wa su? Sa'an nan ya ce a ƙara masa ƙusa kilo biyu, a rubuta.