Namun Dawa Sun Tafi, Maciji Ya Zauna

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin dajinmu, domin akwai gargaɗi a ciki ga duk mai riƙe da hauya.

A zamanin da Katsinawan Maradi da Gobirawan Tsibiri ke yaƙi da Sakkwato, kakanninmu suna zaune a tattare cikin garuruwa masu kafi, kusa da gulbi. Abin da ke tsakanin gari da gari duk dawa ne. Kura tana kuka a bakin gari, barewa da gada da gyado suna kiwo inda muke shuka hatsi yau. Ba a shiga dawa sai da mahalbi, don shi ya san sawu, ya san rami, ya san kututturen da ba a zama kansa.

Da Nasara suka zo yaƙi ya ƙare, sai jama'a suka bazu suna saran daji, suna kafa tunga. Daga baya gyaɗa ta yi kuɗi, gonaki suka ƙara cin dawa, bindiga kuma ta yawaita. A 1955 aka keɓe gandun dajin Gadabeji, cikin ƙasar Dakoro, don a tsare abin da ya rage. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984 wanda muke ce ma El Buhari. Itace ya mutu, tabki ya ƙafe, abin da yunwa ta bari mahalba suka kwashe.

Ku dubi raƙumin dawa. A 1996 duk Afirka ta Yamma saura kamar 50, a wajen Kure, kusa da Yamai. Da aka tsare su suka hayayyafa har suka wuce 600, kuma a 2018 aka ɗauko guda 8 cikin mota aka mayar Gadabeji. Dabbar da kakanninmu ke gamuwa da ita a hanya, sai da hukuma ta kawo ta jikoki suka gani.

To amma maciji bai tafi ba. Da muka cinye masa daji, sai ya zauna tare da mu. Kububuwa tana kwance ƙarƙashin kara da dami, launinta kamar ƙasa, da dare take fita. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara yake zubar da jini ta dasashi. Kasa ba ta gudu, sai an taka ta. Kumurci kuwa ɓera da ƙwai yake bi, har gindin rumbu da akurki. Sara ya fi yawa da damana da kaka, lokacin da gida ba ya iya rasa hannu ko ɗaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su.

Mahalban da suka san dawa sun ƙaranta, saboda haka tsaron ya dawo wuyanmu. Kada a sa hannu cikin rami, kada a ɗaga dami sai an taɓa shi da sanda. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana shi tafiya da ƙafa, a sa shi amalanke ko mota zuwa likita nan take, ko da yana cewa ya ji sauƙi. Allurar maganin dafi ita ke ceto, kuma tana da tsada.

Don haka muna roƙon ƴan ci-rani na Yamai, Kano, Legas da Abijan, in za ku aiko da tsaraba kafin shuka, ku haɗa da doguwar takalmin roba da tocila. Muna kuma roƙon dattawa su tattauna a taro mai zuwa yadda za a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da na allura.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga mugun ji da mugun gani, amin.