Hula a Ka, Takalmi a Gefe

Ranar da aka yaye mu daga jami'a, a ƙarshen shekarar 2024, na yi abin da har yau nake jin nauyinsa: na ƙi nuna cewa na san kakana. Tun da asuba ya taso daga ƙauyenmu, sanye da farar babbar riga da jar dara wadda ya zagaye da ɗan siririn rawani, aka ba shi kujera a rumfar iyaye, daura da layin da muke zaune. Da manyan baƙi suka gama shigowa, mai gabatarwa ya yi shela da Turanci cewa kowa ya miƙe, maza su cire hula, za a rera taken ƙasa. Mu masu digiri muka tuɓe hulunan nan masu faifai da tuntu, muka riƙe a ƙirji kamar yadda aka koya mana a jajibiri. Wani matashi cikin masu kula da baƙi ya matsa kusa da tsohon, ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa kansa da yatsa. Kakana ya dube shi, bai ce uffan ba. Sai ya zare ƙafafunsa daga takalmi, ya ture shi gefe, ya tsaya a kan yashi mai zafi, hularsa tana inda take. Wanda ke kusa da ni ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Wannan tsohon kuma na wane ne?" Na sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Wannan shirun nawa ne ya kai ni ga bin diddigin al'adar, domin ina son in san wanda ya yi kuskure a tsakaninmu.

Cire hula don girmamawa ɗabi'a ce ta Turai, kuma saiwarta biyu ce. Ɗaya tana cikin coci, inda wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa ta umarci namiji ya yi addu'a da kai a buɗe, mace kuma ta rufe nata. Daga nan ne ya zamana har gobe ba a neman mace ta cire abin kanta idan ana taken ƙasa. Ɗaya saiwar tana fada. A gidajen sarautar Turai, wanda ya bar hularsa a ka a gaban wani yana shaida cewa shi ne babba, ko kuma tsararsa ne. A Sifaniya akwai wani rukuni na manyan masu sarauta waɗanda babban gatansu shi ne izinin tsayawa gaban sarki da hula a ka. A Faransa kuwa, ranar 5 ga Mayu 1789, da Sarki Louis na 16 ya buɗe babban taron wakilan ƙasa a Versailles, ya gama jawabi ya mayar da hularsa, masu sarauta suka mayar da nasu bisa al'ada, sai ga wasu wakilan talakawa su ma sun ɗora nasu. Zauren ya ɗauki guna-guni, har sarkin ya sake cire tasa don kowa ya cire. Shekara huɗu ba ta cika ba aka sare kan da ke ɗauke da wannan hula.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Ingila ne. A ƙarni na 17 aka sami wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwaka, mabiyan George Fox, waɗanda suka ce ba za su cire wa ɗan Adam hula ba, ko alƙali ko sarki, domin wannan girma na Allah ne shi kaɗai. A watan Satumba na 1670 aka gurfanar da biyu daga cikinsu, William Penn da William Mead, a kotun Old Bailey ta Landan, bisa zargin wa'azi a kan titi. Wani ma'aikacin kotu ya fizge hulunansu tun a ƙofa. Masu shari'a suka ba da umarni a mayar musu da su a ka, sannan suka ci kowannensu tara saboda ya tsaya gaban kotu da hula. Wannan Penn ɗin shi ne daga baya ya kafa yankin Pennsylvania a Amurka. Abin da na koya daga shari'arsa shi ne, ko a garin masu al'adar, cire hula bai taɓa zama ladabi zalla ba. Akwai iko a cikinsa, kuma akwai waɗanda suka gwammace kurkuku da su yi shi.

Yadda girman ya tashi daga kan sarki ya koma kan waƙa ba shi da wuyar ganewa. Taken Ingila, wanda ya bazu a gidajen wasan kwaikwayo na Landan a 1745, addu'a ce ga sarki, don haka mai sauraro ya riƙa yi masa abin da zai yi wa sarkin da kansa. Ƙasashen da suka kori sarakunansu suka riƙe ɗabi'ar, suka miƙa ta ga tuta da take. Amurka ce ta rubuta ta dalla-dalla. Waƙar da Francis Scott Key ya tsara a 1814 ta zama taken ƙasa a hukumance ranar 3 ga Maris 1931, kuma daga 1942 dokokin tuta suka fara fayyace yadda za a tsaya. Kamar yadda suke a yau, namijin da ba ya cikin kayan sarki zai cire hularsa da hannun dama, ya riƙe ta wajen kafaɗar hagu yadda tafin hannunsa zai sauka a kan zuciya. Dokar ba ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi ba, idon jama'a ne ɗan sandanta. Soja kuwa ba ya cirewa, sarawa yake yi, kuma ita kanta sarawar, a rundunar Ingila, ta samo asali ne a ƙarni na 18, lokacin da aka ce sojoji su daina tuɓe hula ga hafsoshi, su kai hannu gare ta kawai. Wato abin da mai gabatarwarmu ya faɗa da cikakken tabbaci, kamar wata doka ta duniya, yana da gari da ranar haihuwa.

A ƙasar Hausa lissafin a juye yake, kuma harshenmu ne babban shaida. Idan za a ba mutum mulki, naɗa shi ake yi. Idan za a raba shi da mulki, tuɓe shi ake yi. Duk tarihin sarautarmu yana rataye a tsakanin waɗannan kalmomi biyu, kuma dukansu a kan abin da ke bisa kai suke magana. Wanda aka ture wa hula a kasuwa an ci masa mutunci, sai an yi sulhu. Dattijon da ya fito waje da kai a buɗe, maƙwabta za su tambaya ko lafiya. Yaro yakan yi yawo haka nan, amma ranar sallah, ko ranar ɗaurin aure, ko ranar da zai je gaishe da surukai, sai ya nemi ƙube ko zanna bukar ko da aro ne. Girman da Bature ya ajiye a kai, mu a ƙafa muka ajiye shi. A ƙofar masallaci takalmi ake cirewa. A ƙofar zauren malam haka, a fada haka, har matar da za ta wuce majalisar dattawa a ƙauye takan tuɓe nata ta riƙe a hannu. Ko hular nan ta Turawa mai baki a gaba, sunan da Bahaushe ya raɗa mata ya isa sharhi: hana-sallah, domin bakinta yana tare goshi daga ƙasa.

Wannan suna ya tuna mini da Turkiyya. A watan Agusta na 1925 Mustafa Kemal ya bayyana a garin Kastamonu da malafar Turawa a kansa, kuma a watan Nuwamba majalisa ta yi dokar da ta kawar da dara, ta ɗora hula mai baki a gurbinta. Malamai sun ga abin da Bahaushe ya gani game da sujada. An yi bore a garuruwa da dama, an rataye mutane, cikinsu har da wani malami, Atif Hoja, a watan Fabrairu na 1926, saboda ɗan littafin da ya rubuta a kan batun tun kafin a yi dokar. Abin dariya a ciki, idan akwai, shi ne ita ma darar ba ta kai shekara ɗari ba a lokacin: Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Biyu ne ya tilasta wa ma'aikatansa ita a madadin rawani, da sunan zamani.

Mu ba a yi mana irin wannan doka ba. Da Lugga ya ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ya ci Sakkwato a watan Maris, mulkin da ya kafa ya dogara ne da sarakuna, kuma ba hikima ba ce ka tuɓe rawanin wanda kake son ya tara maka haraji. Turawa suka bar mana kawunanmu, suka karɓi ƙafafunmu. Talaka ya riƙa tuɓe takalmi a gaban Razdan da Di'o, ya durƙusa, ya ɗaga hannu yana cewa "Zaki!" Shi kuma Baturen ya shiga ko'ina da nasa takalmin. A nan ne ciwon yake, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba: a Bama, shigar Turawa wuraren ibada da takalmi tana cikin abubuwan da suka hura wutar neman 'yanci. Saboda haka a Arewa, wanda ya so nuna tawaye da jikinsa, takalmi ya riƙe. Dattawan da suka ga zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sukan ba da labarin samarin da suka ƙi tuɓe takalmi ko faɗuwa gaban hakimi, suka kwana a gidan yari a kan haka. Su ne 'yan Kwakanmu, sai dai nasu faɗan a ƙasa yake, na Penn a sama.

Ina ganin a nan ya kamata in yi wa kaina adalci kaɗan, in kuma yi wa matashin nan da ya taɓa kafaɗar kakana. Al'adar ta riga ta shige mu ta ƙofofin da ba mu lura ba: ta makarantar boko, ta fareti, ta kallon ƙwallo a talabijin. Har cikin bakinmu ta shiga. Yau idan wani ya burge saurayi, sai ka ji ya ce, "Na cire maka hula," maganar da kakannin kakanninmu za su ɗauka ko dai zagi ce ko alamar taɓuwa. Ban ce a kore ta ba, harshe ba ya tambayar baƙo takardar shiga gari. Amma wanda ya ari riga ya kamata ya san ta aro ce, kada ya tsaya yana yi wa mai tsohuwar riga dariya.

Ita ƙasar da aka ce a girmama, me ta nema? Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin girmama tuta da take da alƙawarin ƙasa, bai ambaci hula ba. Hotunan tarihi ma sun goyi bayan tsohon. A bikin 'yancin kai a filin sukuwa na Legas, ranar 1 ga Oktoba 1960, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi takardun mulki daga hannun Gimbiya Alexandra da kansa a rufe, haka kuma ya tsaya tare da Shugaba Kennedy a Amurka a watan Yuli na 1961. Babu wanda ya ce ya raina Sarauniya ko ya raina masu masaukinsa. Ita Amurkan ma ta sassauta: majalisar wakilanta, wadda ta hana 'ya'yanta sa hula a zaure tun 1837, ta gyara ƙa'idar a watan Janairu na 2019 don masu rufe kai saboda addini, bayan zaɓen Ilhan Omar.

Akwai wani abu da na ɓoye a farkon wannan rubutu, domin shi ya fi ba ni kunya. Taken da aka rera a ranar ba wanda muka tashi da shi ba ne. Namu shi ne na 1978, wanda Benedict Odiase na ƙungiyar baduje ta 'yan sanda ya yi wa kiɗa. Ranar 29 ga Mayu 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da na 1960, wanda wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta, Frances Benda ta yi masa kiɗa. An ta da jijiyar wuya a kan gaggawar da aka yi, da kuma komawa ga kalmomin baƙuwa, kuma ni ma ina cikin masu ƙorafi. To, a filin nan, mu ɗaruruwan masu digiri, da kawunanmu a buɗe da hannuwanmu a ƙirji, motsa leɓe kawai muke yi, ba mu iya ko baiti ɗaya ba. Muryar da nake jiyowa daga rumfar iyaye, tana rawa amma ba ta tuntuɓe, ta kakana ce. Ya yi elementare a zamanin da ake tara yara ranar 24 ga Mayu su yi wa Sarauniyar Ingila waƙa, yana kuma malamin haraji a En'e lokacin da aka sauke tutarta. Shekara arba'in da shida taken yana ajiye a kansa, ƙarƙashin darar nan.

Bayan watanni na je ƙauye na same shi a zaure, na tuɓe takalmina a ƙofa, na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da na karanta, tun daga Penn har zuwa Atif Hoja, sannan na faɗa masa abin da na yi. Ya saurara yana ɓare goro.

"Ja'iri," ya ce, "ai na gan ka. Na ɗauka rana ce ta dame ka."

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka cire ba, tunda an ce a cire?"

"Yaron ya ce in girmama, na girmama. Da na tsaya tsirara fa?" Ya miƙo mini ɓarin goron. "Amma yashin makarantar taku akwai zafi. Kwana uku ina shafa man kaɗanya."