Gine-ginen Arlit da Akokan: daga lakar Agadas zuwa simintin kamfani

A shekarar 1506 aka aza tubalin cocin Saint-Pierre a birnin Rum. Kusan a wannan zamani, wajen 1515, magina a Agadas suka tayar da babban masallacin garin da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844. A Italiya salon gini ya ci gaba da sauyawa, daga daidaiton zamanin Renaissance zuwa yawan adon Baroque na su Bernini da Borromini. A ƙasar Abzin kuwa, babban sauyin bai zo ba sai da aka gano ƙarfen uranium.

Tsohon ginin Agadas ya san yanayinsa. Bango mai kauri yana tare zafin rana, tagogi ƙanana ne, rufin kuma soro ne na itace da laka. Itatuwan da ke fitowa daga jikin hasumiyar su ne matakalar magina lokacin yaɓe. A 2013 UNESCO ta saka tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Arlit, mai nisan kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a kan takarda aka fara zana shi. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin ya biyo baya a 1969. COMINAK, da aka kafa a 1974, ya gina Akokan a kusa. Tsarin duka biyun ɗaya ne: tituna miƙaƙƙu, gidajen siminti iri guda, asibiti, makaranta da kanti, ruwa da wuta kuma daga kamfani. Girman gida da unguwar da yake suna bin muƙamin mai shi, manyan ma'aikata daban, leburori daban. Da ganin ƙofar mutum ka san matsayinsa a wurin aiki, abin da ba a saba da shi ba a garuruwanmu, inda attajiri da talaka kan haɗa katanga.

Sai dai gari na biyu ya tsiro a gefe, wanda babu injiniyan da ya zana shi. 'Yan kasuwa, masu neman aiki da makiyayan da farin shekarun 1970 da 1980 ya raba da dabbobinsu suka yi gini da abin da suka samu: laka, kwano, gwangwani da tarkacen ƙarfe. Sunan unguwar Bukoki kaɗai ya isa bayani. A nan matsalar take, domin wani ɓangare na tarkacen daga ma'adinan ya fito. Binciken CRIIRAD a 2003, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man, da na Greenpeace a 2009, sun gano ƙarafa a kasuwa da wurare a titunan Akokan masu fitar da tururin nukiliya fiye da ƙima.

COMINAK ya daina haƙa ranar 31 ga Maris 2021, gwamnati kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Gidan laka, maigida da maƙwabta kan gyara shi da hannunsu bayan damina. Gidan siminti mai rufin kwano, a inda zafi ke wuce digiri 40, yana buƙatar wuta, famfo da kuɗin gyara, kuma a Akokan kamfanin da ke ɗaukar wannan nauyi ya rufe.