Ita Ever: Jarumar Istoniya da ta shekara 70 a dandamali ɗaya

Kafin wani ya ce mun yi kuskuren rubutu, sunanta ke nan, Ita, ba "ita" tamu ta Hausa ba. Ita Ever 'yar wasan daɓe ce kuma jarumar fim daga Istoniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

An haife ta ranar 1 ga Afrilu, 1931, a garin Paide. Tana yarinya ƙasar ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, shi ya sa da ta tashi koyon wasa sai ta tafi Mosko, makarantar GITIS, inda aka ware wa 'yan Istoniya ajinsu. Ta gama a 1953, ta dawo gida ta kama aiki a Gidan Wasan Kwaikwayo na Istoniya da ke Tallinn, babban birnin ƙasar. To, daga nan fa ba ta sake sauya sheƙa ba. Sobiyet ta rushe, Istoniya ta karɓi 'yancinta a 1991, daraktoci suka zo suka tafi, ita tana nan.

A waje an fi saninta da fim ɗin Rashanci na 1983, Taina Chornykh Drozdov, wanda aka ɗauko daga littafin Agatha Christie mai suna A Pocket Full of Rye. Ita ce ta fito a Miss Marple, tsohuwar nan mai sanyin murya da ke bankaɗo masu kisan kai. Abin mamakin, shekarunta 52 kawai a lokacin. Amma ka tambayi ɗan Istoniya, wani fim daban zai fara kawo maka: Nukitsamees, fim ɗin yara mai waƙoƙi na 1981, wanda Helle Karis ta ba da umarni, Olav Ehala ya yi kiɗansa. A nan ta fito a muguwar tsohuwar daji da ta tsare wasu yara biyu da suka ɓata. Wato yara sun fara saninta da tsoro, daga baya suka girma suka riƙa sayen tikiti don su gan ta ido da ido.

Inda labarin ya fi taɓa zuciya shi ne tsakaninta da ɗanta. Ta auri jarumi Eino Baskin, suka haifi Roman Baskin a 1954, shi ma ya gaji sana'ar, har ya zama darakta. A 2006 ya saka mahaifiyar tasa a fim ɗinsa Vana daami visiit, daga wasan Friedrich Dürrenmatt. Labarin wata hamshaƙiyar attajira ce da ta koma garinsu bayan talauci ya yi masa katutu, ta ce za ta zuba musu dukiya, amma da sharaɗin a kashe mutumin da ya yaudare ta tana budurwa. Ka ji fa rawar da ɗa ya zaɓa wa uwarsa! A ganina ya san abin da yake yi, don irin wannan rawa sai wadda kallonta kaɗai ke sa mutum ya shiga taitayinsa. Roman ya riga ta rasuwa a 2018.

Tsufa bai sauke ta daga aiki ba. Tana dab da shekara 80 ta ɗauki rawar Violet, fitinanniyar uwar nan ta wasan August: Osage County, wasa mai tsawo da ko matashiya sai ta ji a jikinta. A 2012 kuma ta ɗan leƙo a Eestlanna Pariisis na Ilmar Raag, fim ɗin da jarumar Faransa Jeanne Moreau ta ja.

Matsalar dai ita ce, mafi yawan aikinta a dandamali ta yi shi, da harshen Istoniyanci, don haka mu na nesa ɗan abin da kyamara ta kama kawai za mu samu. Mai son ya fara, ya nemi Miss Marple ɗin tukuna. Ta rasu ranar 9 ga Agusta, 2023, tana da shekara 92.