Layin da Aka Ja a Taswira: Tarihin Keɓe Filayen Mutane a Birnin New York

Kowane gari mai bunƙasa yana da bukatar hanyoyi da kasuwanni da makarantu waɗanda lokacin gina su bai zo ba tukuna. Matsalar hukumar gari ita ce, filayen da za a yi waɗannan ayyuka suna hannun mutane, kuɗin sayensu kuwa babu shi a baitulmali a yau. In ta jira, masu filaye za su cika su da gine-gine. Tarihin birnin New York na Amurka ya nuna yadda aka yi fama da wannan matsala fiye da shekara ɗari.

A shekarar 1807 birnin yana ƙuryar kudancin tsibirin Manhattan ne kawai, sauran tsibirin kuwa gonaki ne da duwatsu da fadamu. Hukumar birnin ta nemi taimakon majalisar dokokin jiha, ita kuma ta naɗa kwamishinoni 3, wato Gouverneur Morris da Simeon De Witt da John Rutherfurd, don su shata titunan gaba. A 1811 suka fito da taswira mai manyan tituna 12 daga kudu zuwa arewa, faɗin kowanne ƙafa 100, da waɗansu 155 da suka gitta su. Mai safiyo, John Randel, ya bi gona gona yana kafa turakun dutse. Masu gonakin ba su yi maraba da shi ba: sun tumɓuke turakunsa, sun kuma sa an kama shi a kan laifin shiga gonar wani.

Dabarar hukuma ita ce, ba ta sayi filin nan take ba. Mai gona ya ci gaba da nomansa har ranar da za a buɗe titi, sa'an nan a biya shi diyyar ƙasar. Amma doka ta ce wanda ya yi gini a kan layin titi bayan an ajiye taswira, ba za a biya shi kuɗin ginin ba. Ta haka hukuma ta tsare hanyoyinta ba tare da ta kashe ko anini ba, nauyin jira kuwa ya faɗa wa mai fili, wanda yake biyan haraji a kan ƙasar da ba ya iya mora yadda yake so.

Da farko kotuna sun yarda da wannan tsari, kamar a shari'ar titin Furman ta 1836. Amma a 1893, a shari'ar Forster da Scott, kotun ƙolin jihar ta rushe irin wannan doka. Hujjarta ita ce, hana mutum amfani da dukiyarsa ba tare da diyya ba ƙwace ne, ko da takardar mallaka tana hannunsa.

Sai a 1926 aka sami mafita. Sabuwar doka ta ba garuruwa ikon hana izinin gini a kan layin titin da ke taswirar hukuma, amma in mai fili ya tabbatar cewa hanin ya hana filinsa kawo masa amfanin da ya dace, ana iya ba shi izini. Kotu ta amince da wannan a shari'ar Headley da birnin Rochester a 1936. Jihar Pennsylvania kuwa ta yi amfani da wa'adi. Bisa dokarta ta 1968, in mai fili ya sanar da niyyarsa ta yin gini, hukuma tana da shekara 1 ta sayi filin ko ta fara bin hanyar karɓarsa da diyya, in ba haka ba keɓewar ta faɗi.

Abin lura ga ma'aikacin ƙasa da safiyo shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin titunan da aka shata a 1811 su ne mutane ke bi har yau. To, amma layi a taswira ba ya cin hukuma kome, alhali yana iya cinye rabin arzikin mai fili. Saboda haka keɓewar da ta jure gaban alƙali ita ce wadda ta bar wa mai fili ƙofa: ko izini, ko wa'adi, ko diyya.