Asalin Furen da Ke Jikin Bango

A ƙauyukan yammacin Kano, tun daga Durun ta ƙasar Kabo har zuwa Gwarzo da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, idan za a kai amarya ɗakinta, ba wuya a kira mai fenti ya shafe bangon da shuɗi ko kore, sa'an nan ya ɗauko wani kwali wanda aka yanke siffar fure a tsakiyarsa, ya riƙa ɗora shi yana dangwala masa soso mai jan fenti, yana matsawa gaba, har furanni su zagaye ɗakin sahu-sahu, kowane daidai da ɗan'uwansa ba ragi ba ƙari. Mutane da yawa suna ɗauka wannan aiki jikan zanen magina ne na dā. A nawa ganin kuwa nasabarsa ta wani gida ce dabam, kuma dalilin haka yana cikin tarihin bangon kansa.

Adon da magina suka gada a ƙasar Hausa a jikin ginin yake. Bayan an jera tubali an yaɓe, gwani zai ƙara ƙasa mai kauri wadda aka cuɗa ta kwana, ya bi ta da yatsu tun tana ɗanya, ya fitar da dagi da da'ira da murɗaɗɗun layuka masu shiga juna, ta yadda idan hantsi ya dubi bangon inuwa ce za ta bayyana zanen. Abin da ke kare shi daga damina shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara. Watau sai marini da majemi sun ba da saura kafin magini ya gama aikinsa. Irin wannan fasaha ce ake gani a sorayen Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, kuma ita ce ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Amma fa wannan ƙawa ce ta sarakuna da attajirai, mazauninta zaure da soro da fuskar gida, kuma wanda ya nemi fure mai ganye da reshe a cikinta zai sha wahala kafin ya samu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai siminti da fenti na gwangwani suka fara shigowa, kuɗi kuma suka shiga hannun waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba ne. Magina suka koyi karce zane a kan ɗanyen siminti su cika shi da launi, masu gida kuma suka fara neman a sa musu keke da agogo da mota da jirgin sama a ƙofar gida, domin mai wucewa ya san an samu. Wani Bature, Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi a 1963 a kan irin waɗannan gidaje na Zariya. Duk da haka zanen yana nan a waje, na maza ne, kuma hannu ne yake yin sa ɗaya bayan ɗaya.

Cikin ɗaki kuwa, musamman a ƙauye inda mai gida ba shi da halin ɗaukar gwani daga birni, hukuncin mata ne tun fil azal. Su ne suke taruwa su yi daɓe, suna bugun ƙasa da madaɓi suna waƙa, su yayyafa makuba har daɓen ya yi duhu ya yi santsi. Su ne suke jiƙa farar ƙasa su shafe bango idan Salla ta gabato ko biki ya matso. Su ne kuma suke yin jere, wanda shi ne ainihin adon ɗakin amarya, kuma shi ne ma'aunin da 'yan kallo suke auna ƙoƙarin iyayenta da shi. Da ƙore aka fara, masu sassaƙa, da faya-fayai da tasoshi, sa'an nan langa da fanteka da sauran kwanukan da aka toya wa fenti suka zo daga ƙetare suka mamaye jeren, har daga baya 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun yin su a Nijeriya, ciki har da Kano. To, a jikin waɗannan kwanuka ne jan fure mai koren ganye ya shiga ɗakin Bahaushiya, shi da ɗan'uwansa na jikin atamfa, kuma abin lura shi ne a masana'antar ma ta hanyar faranti mai huji ake fesa shi. Idon da ya shekara da shekaru yana kallon fure a kan murfin kwano, ba abin mamaki ba ne ya so ganinsa a bangon da ke bayan kwanon.

Akwai kuma dalili na shari'a, wanda bai kamata a tsallake ba. Malamai sun tsananta a kan suranta abu mai rai, alhali kuwa ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya yi wa wani mai sana'ar zane izinin suranta itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi. Saboda haka fure bai gamu da inkari ba a gidan malami ko na almajiri, kamar yadda zayyanar allo da aikin aska a wuyan riga ba su gamu da shi ba.

Abin da ya rage shi ne bangon da zai karɓi fenti, domin fentin mai ba ya zama a kan yaɓen ƙasa, ɓamɓarewa yake yi da zarar laima ta taso. Sai da siminti ya wadata, bayan an buɗe masana'antar Kalambaina ta Sakkwato a shekarun 1960 da ta Ashaka a 1979, kuɗin man fetur kuma suka kai ƙauye, sa'an nan manomi ya iya yi wa ɗakin ƙasa filasta ya rufa shi da kwano. Dabarar huda kwali kuwa ba baƙuwa ba ce, gama da ita ake buga lamba a buhu, da ita masu rubutun allunan shaguna da jikin motoci suke fitar da haruffa. Abin da mai fenti ya yi kawai shi ne ya musanya harafi da fure. Aikin da dā sai wanda ya yi shekaru yana bin ubangida yana miƙa masa ƙasa, ya zama yaro mai natsuwa zai iya gama shi tsakanin hantsi da la'asar. Na san masu ƙyamar abin, suna cewa ba hikima a ciki, kuma lalle idan aka ajiye shi kusa da aikin Babban Gwani ba a ma fara magana ba. Sai dai ɗakin 'yar talaka bai taɓa samun aikin Babban Gwani ba balle a ce furen kwali ya raba shi da shi.

Yanzu shi ma furen ya fara ja da baya, domin takardar manna wa bango da tayil da labule mai rufe kusurwa zuwa kusurwa sun fito daga kasuwannin Kano sun kama hanyar Gwarzo, jeren kwanuka kuma ya koma cikin kabad mai gilashi. Dagi kuwa ya dawo ƙofofin makarantu da ofisoshi da gidajen masu hali, amma galibi ba da yatsu ake fitar da shi ba, a cikin ma'auni ake zuba siminti a ɓamɓaro shi, a manna, a bi da fenti.