Yadda Takardar Aure Ta Shigo Mana Ta Hanyar Arlit



Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi shi ne, a 'yan shekarun nan mun sha ganin mace ta fita takaba, ta tafi neman haƙƙin mijinta wanda ya ƙare ƙarfinsa a ramin yuraniyom, sai a ce mata, "Ina takardar aure?" Ta ce ai duk gari ya san ita matarsa ce. A ce mata ofis bai san gari ba, takarda ya sani. To, bari mu duba inda wannan takarda ta samo asali, don mu san yadda za mu yi da ita.

Zamanin kakanninmu ba a rubuta aure. Waliyyin amarya da wakilin ango su zauna a zaure, a faɗi sadaki a gaban jama'a, liman ya shafa fatiha, a raba goro. Wanda duk ya ci goron nan ya zama shaida. Da yake mutum inda aka haife shi nan yake noma, nan kuma za a rufe shi, shaidunsa kullum suna kusa. In gardama ta tashi, sai mai gari ya aika a kira su.

Da Nasara suka zo, abin da ya fi damunsu shi ne ƙidayar haraji, saboda haka mutane suka riƙa gudun rubutun suna. Sannu a hankali Faransa ta sa hannu cikin sha'anin aure. A 1939 ta yi dokar da ta ce sai da yardar yarinya, a 1951 ta yi wata a kan dukiyar aure. Amma waɗannan dokoki ba su cika isa ƙauye ba. Masu yin takarda su ne soja da ma'aikatan gwamnati, musamman bayan dokar aiki ta 1952 wadda ta buɗe hanyar biyan ma'aikaci kuɗin iyali. Bayan samun 'yancin kai a 1960, dokar shari'a ta 1962 ta bar aure da saki da gado a hannun al'ada. Ke nan auren da liman ya ɗaura aure ne cikakke a wurin hukuma. Takarda shaida ce kawai, amma shaidar da ba ta tsufa, ba ta mantuwa.

Mu dai a Arlit muka fara sanin darajarta. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara gina garin a 1969 cikin fili fetal, aka soma fitar da ƙarfe a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, wadda ta fara aiki a ramin Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi a gefenta. Farin 1973 da 1974 ya riga ya kashe gonaki da dabbobi, sai samari daga ƙasar Tawa da Maraɗi da Damagaram suka yi ta hawa manyan motoci suna nufar arewa, su wuce Agadas, su ƙara tafiyar fiye da kilomita 200.

A can, wanda aka ɗauka aiki sai a buɗe masa fayil. Gidan kamfani, da magani a likita, da kuɗin iyali na asusun CNSS wanda aka kafa a 1965, duk sai an ga sunan mata da na 'ya'ya a rubuce. Nan ne mutanenmu suka kasu uku. Akwai wanda ya zo hutu ya yi takarda a nan gida. Akwai wanda ya ɗauki abokan aiki biyu ya je gaban alƙali ya samu hukunci a madadin takarda. Akwai kuma wanda ya rubuta uwargida, ya ƙara aure daga baya, ya ce sai wani jiƙon, har ajali ya riske shi. Ban da 'yan kwangila da 'yan tebur da masu ga-ruwa, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsu kome.

Hukuma ta yi ta gyaran dokar rajista, a 1985, da 2007, da kuma 2019, wadda ta ba da kwana 60 a je a shaida aure. Wanda ya wuce wa'adi sai ta hannun alƙali.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, da yawa suka komo gida da akwatunansu. A 2025 gwamnati ta karɓi SOMAIR ta zama ta ƙasa. Waɗanda suka tafi suna samari yanzu su ne tsofaffinmu, kuma kowace damina muna rasa wasu. In ɗan fansho ya rasu, matansa suna da rabo cikin fanshon, ana raba musu daidai. Amma wadda ba ta cikin rajista tana iya shan wuya kafin ta samu nata, har abin ya raba zumunci tsakanin 'yan uba.

Saboda haka ga abin da ya kamata a sani. In an taɓa rubuta auren, takardar ce ta ɓata ko gara ta cinye, to asalin yana cikin littafin rajista na wurin da aka rubuta shi. Wanda ya yi a Arlit, a ofishin magajin garin Arlit zai nemi kofi, ba a nan ba. A riƙe shekara, in da hali har da lambar takardar. A duba tsofaffin takardun aiki da na CNSS, don sau da yawa lambar tana ciki. In kuwa ba a taɓa rubutawa ba, sai a je kotu da shaidun da suka san auren, alƙali ya ba da hukunci, a kai a shigar cikin rajista. Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi irin wannan zama, kada a bari ya wuce. A kuma lura da suna, gama mun ga mutum ɗaya an rubuta shi Mahamadu a wata takarda, Mamman a wata, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da magana wata da watanni.

Akwai kuma wani amfani. Jikokinmu da aka haifa a Akokan sun fara tambaya, kakarmu 'yar wace zuriya ce, wa ya ba da aurenta? Takardar aure tana ɗauke da sunayen ma'aurata da na iyayensu da na shaidu, da gari da shekara. Abin da ba ta faɗa ba yana bakin dattawa. Ya kamata kowane gida ya sami yaro mai karatu ya zauna gaban tsoho da littafi, ya rubuta auren gidan ɗaya bayan ɗaya.

Iyayenmu, waɗanda suka ci goron aurenku nawa suka rage? Ku ƙirga su yau. In sun rage biyu, a yi haramar kotu tun suna iya hawa mota. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.